Ons Jabeur: wasan ƙarshe uku ba kofi, za a ce ta gaza?

Bashir_Raket:
Salamu alaikum 'yan gida. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, ina so mu tattauna ta tsakani da Allah. Ons Jabeur, 'yar wasan tanis ta Tunisiya, ta kai wasan ƙarshe na Grand Slam, wato manyan gasannin tanis huɗu na shekara, har sau uku, Wimbledon 2022, US Open 2022, sai kuma Wimbledon 2023, kuma duka ukun ta sha kashi. Yanzu ga shi tun Yulin 2025 ta ce ta ajiye raket za ta huta, shekaru kuma sun haura 31. Ni ina sonta sosai ba na ɓoyewa, amma in aka zo rubuta tarihin tanis nan gaba me za a ce a kanta? A ganina duk wanda bai ɗaga babban kofi ba, komai iya wasansa mantawa ake yi da shi. To ku faɗi ra'ayinku, ta gaza ne ko ba ta gaza ba?

Ummu_Khairat:
Wa alaikumus salam. Haba Malam Bashir, gazawa kuma? Matar da ta zama ta 2 a duniya a Yunin 2022? Kafin ita fa babu wani Balarabe, mace ko namiji, da ya taɓa shiga goman farko. Younes El Aynaoui na Maroko da ake ji da shi iyakarsa na 14. Ni dai ban yarda ba sam.

Sadiq_07:
Ni ina bayan Bashir gaskiya. Lamba ta 2 ai ba kofi ba ce. Dinara Safina har ta 1 ta zama a 2009, ita ma ta kai wasan ƙarshe uku ta faɗi duka, yau wa yake maganarta? Amma Emma Raducanu da ta ci US Open sau ɗaya tak a 2021 tana shekara 18, sunanta ya shiga littafi har abada. Haka wasan yake, kofi ake ƙirgawa.

Kocin_Yara:
Sadiq ka ɗan dakata. Ina koyar da yara tanis shekaru da dama, kuma abin da yake min ciwo shi ne mutane suna ganin sati biyu na Wimbledon a talabijin sai su ɗauka nan ne tanis ya fara nan ya ƙare. Ku dubi inda yarinyar nan ta taso. An haife ta a Ksar Hellal a 1994, ta girma a Sousse, mahaifiyarta ce ta fara ɗora mata raket tana shekara 3. Kulob ɗin da ta fara ko filin kansa ba shi da shi, filayen otal-otal suke zuwa su yi atisaye ita da kocinta na yarinta Nabil Mlika. Tana shekara 12 ta bar gida ta koma Tunis makarantar 'yan wasa. A 2011 ta ci French Open na matasa, kowa ya ce shikenan tauraruwa ta fito, amma sai a 2017 ta shiga ɗarin farko na manya. Shekara shida kenan tana yawo a ƙananan gasanni da ba wanda yake kallo, kuɗin da za ka ci a can wani lokacin ko tikitin jirgi da ɗakin kwana ba zai biya ba. Mafi yawan yaran da suka yi fice a matasa a wannan tsakanin suke ɓacewa, wasu kuɗi ya ƙare, wasu rauni, wasu zuciya ta karye. Ita ta jure. Kofinta na farko na WTA, wato hukumar ƙwararrun tanis ta mata, sai a Birmingham 2021, tana dab da shekara 27. To wanda ya san wannan hanyar ba zai buɗe baki ya ce gazawa ba.

Sadiq_07:
Koci duk na ji, kuma ban raina wahalarta ba. Amma ai kowacce a cikinsu ta sha wahala. Djokovic a cikin yaƙi ya taso a Belgrade, bai hana shi cin 24 ba.

Nafisa_22:
Don Allah ku yi haƙuri ni sabuwa ce a harkar, ta dalilin Ons ɗin ma na fara kallo. Mene ne bambancin Grand Slam da sauran kofunan? Na ga ana cewa ta ci kofi biyar amma kuma ana cewa ba ta da kofi, abin ya ɗaure min kai.

Abu_Safwan:
Ƙanwata Nafisa, Grand Slam guda huɗu ne a shekara. Na Ostireliya a Janairu, na Faransa a kan jar ƙasa wajen ƙarshen Mayu, Wimbledon a Landan a kan ciyawa, sai na Amurka a New York ƙarshen Agusta. Kowanne mutum 128 ne ke shiga, sai kin ci wasa bakwai a jere cikin sati biyu kafin ki ɗaga kofi, faɗuwa ɗaya kin tafi gida. Wadda ta ci tana samun maki 2000, ta biyu 1300. Sauran gasannin na WTA ne, akwai na maki 1000, na 500 da na 250. Biyar ɗin da Ons ta ci su ne Birmingham 2021, Madrid da Berlin 2022, Charleston da Ningbo 2023. Madrid ne babba a ciki, na maki 1000, inda ta doke Jessica Pegula a ƙarshe. Su makin nan shekara ɗaya suke yi su faɗi, shi ya sa in kin yi rauni kin zauna sai ki ga lambarki tana ta yin ƙasa ko ba ki buga kin faɗi ba.

Nafisa_22:
Na gode Yaya, yanzu na gane. Ashe abin ba sauƙi.

Zahra_M:
Kuma a lura da abin da Abu Safwan ya lissafa, ciyawa biyu, ƙasa biyu, daɓe ɗaya. Ma'ana kowane irin fili ta ci kofi a kai. Ba kowa ke iya wannan ba.

Baffa_Sule:
Ni tun zamanin su Navratilova da Chris Evert nake kallon wasan nan, kuma zan gaya muku abin da na gani da idona. Na 2022 da Rybakina ban ga laifinta sosai ba. Ta ci saitin farko, wato kashin farko na wasan, 6-3, sai waccan ta farka, doguwa ce mai sabis (bugun fara wasa) kamar me, ta kwashe 6-2, 6-2. Na US Open kuwa Swiatek ce, wadda a shekarar ta ci wasa 37 a jere, ba mai iya tare ta a lokacin, kuma duk da haka saiti na biyu sai da suka je 7-6. Wanda ya tsaya min a wuya shi ne na 2023. Ku tuna hanyar da ta bi fa, Andreescu, Kvitova, Rybakina, Sabalenka, huɗu a jere kuma kowacce ta taɓa cin Grand Slam. Ta gama da manyan duka, sai ga Vondrousova ta 42 a duniya wadda ko cikin jerin zaɓaɓɓu ba ta. Ons ta yi gaba 4-2 a saitin farko ta bari ya zube. Ta yi gaba 3-1 a na biyu, shi ma ya zube. 6-4, 6-4. Ƙafarta ta yi nauyi, ƙwallon da ko da barci take za ta mayar sai ka ga ya tafi raga. Ranar ba Vondrousova ce ta fi ta wasa ba, nauyin da ta ɗauko ne ya danne ta.

Bashir_Raket:
Yauwa Baffa, kun taɓo inda nake nufi. Wannan wasan na 2023 shi ne hujjata. In ba ka iya riƙe zuciyarka ranar da ta fi kowace rana muhimmanci ba, ai wani abu ya rage a cikar ɗan wasa.

Hajiya_Bilki:
Baffa ku yi haƙuri amma ban yarda a tauye wa Vondrousova haƙƙinta ba. Yarinyar nan ta kai wasan ƙarshe na French Open a 2019, ta ci azurfa a Olamfik na Tokyo, rauni a wuyan hannu ne ya mayar da ita baya. Kuma a wannan shekarar ta 2023 ɗin ta riga ta doke Ons sau biyu kafin Wimbledon, a Ostireliya da Indian Wells. Bahaguwa ce, kuma tana mayar da ƙwallo ƙasa-ƙasa ba ƙarfi, irin abin da Ons ɗin take yi wa wasu shi aka yi mata. Ons ta fi jin daɗin masu dukan ƙarfi irin su Sabalenka, tana amfani da ƙarfinsu ta juya musu. Ranar kuwa dole ita za ta samar da ƙarfin da kanta. An kuma rufe rufin filin saboda iska. Ba tsoro ne kaɗai ba, akwai dabara a ciki.

Baffa_Sule:
Hajiya maganarki tana kan hanya, dabara tana ciki. Amma kuskure 31 da ba wanda ya tilasta mata fa? A saiti biyu kacal. Wannan ba dabarar abokiyar karawa ba ce kaɗai.

Mustapha_K:
Duk wanda bai taɓa riƙe raket a gasa ba ba zai gane abin da Baffa yake faɗa ba. Ni ɗan wasan sha'awa ne kawai, amma na taɓa kai wasan ƙarshe a wata 'yar ƙaramar gasa ta kulob, ina gaba 5-2 sabis a hannuna, wallahi na jefa ƙwallon sama na ji hannuna kamar ba nawa ba, yatsuna sun sandare a jikin raket ɗin, sabis biyu a jere duk a raga. Mutanen da ke kallo ba su fi a ƙirga da yatsu ba. To ina ga wadda take tsaye a Centre Court, babban filin Wimbledon, mutum kusan 15,000 a kanta, ƙasarta gaba ɗaya an tsaya cak, Larabawa na jira, Afirka na jira. A tanis ba ka da abokin da za ka miƙa wa ƙwallo ka huta, ba a canjin ɗan wasa, ba agogon da zai ƙare ya cece ka. Sai ka ci makin ƙarshe da hannunka.

Ummu_Khairat:
Mustapha ka faɗi gaskiya. Kuma ita da bakinta ta ce a filin cewa wannan ce faɗuwa mafi ciwo a rayuwar wasanta, tana kuka har Gimbiya Kate tana rarrashinta. Daga baya ma ta bayyana cewa niyyarta in ta ci kofin ta tsaya ta haihu. Ku duba fa, ba kofi kaɗai ta rasa ba ranar, har da shirin da suka yi ita da mijinta. Wannan abin namiji ɗan wasa ba ya shiga irinsa. Federer da Djokovic da Nadal duk sun samu 'ya'ya ba su ajiye wasa ba.

Aliyu_Dogo:
Ni abin alfaharin shi ne ita ce 'yar Afirka ta farko da ta taɓa kai wasan ƙarshe na Grand Slam, wannan kaɗai ya isa.

Abu_Safwan:
Aliyu a ɗan gyara. A maza Johan Kriek na Afirka ta Kudu ya ci na Ostireliya a 1981, Kevin Anderson kuma ya kai ƙarshe a US Open 2017 da Wimbledon 2018. A mata ma Sandra Reynolds ta Afirka ta Kudu ta kai ƙarshen Wimbledon a 1960. Abin da ake cewa game da Ons shi ne mace ta farko daga Afirka tun da aka buɗe gasannin ga ƙwararru a 1968, kuma Balarabiya ta farko gaba ɗaya. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Baffa_Sule:
Tunda an shiga tarihi kar a manta da Nduka Odizor ɗan Najeriya, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon 1983 bayan ya fitar da Guillermo Vilas. A shekarar ne kuma Yannick Noah ya ci French Open, mahaifinsa ɗan Kamaru ne amma wa Faransa ya buga.

Sadiq_07:
To ai kun ga abin da nake faɗa. Noah kofi ɗaya, har yau sunansa na bakin kowa.

Zahra_M:
Sadiq ita ma Ons ɗin ga shi muna ta maganarta ba kofin. Kuma ka ce Raducanu, to ka tambayi duk wani ɗan wasa, wanne ya fi wuya, sati uku na dacewa ko ka zauna cikin goman farko shekara da shekaru kowa ya san wasanka yana shirya maka? Ban raina abin da Raducanu ta yi ba, wasa goma tun daga zagayen share fage ba ta ba da saiti ko ɗaya ba, abin mamaki ne. Amma a auna duka tafiyar mana.

Garba_Lissafi:
Ni ɓangaren kuɗin nake son a duba don mutane suna raina ta biyu. A Wimbledon 2022 ta biyu fam miliyan 1.05 ta samu, a 2023 fam miliyan 1.175, a US Open 2022 dala miliyan 1.3. Ta wannan fuskar kam ba wanda zai ce ta yi asara.

Kocin_Yara:
Malam Garba haka ne amma kar ka ɗauka duka aljihu yake shiga. Ɗan tanis kamar ɗan kwangila ne, ba albashi, in bai buga ba ba ko sisi. Ƙasar da aka yi gasar za ta fara cire harajinta, sannan ka biya koci, mai kula da jiki, likitan tausa, jirgin kowa da kowa daga Janairu zuwa Nuwamba. Ba irin ɗan ƙwallon ƙafa ba ne da kulob zai ɗauki nauyinsa ko yana jinya albashinsa na shiga. Manyan da ke sama suna samu sosai musamman da kuɗin talla, amma na 200 ko 300 a duniya da yawansu da ƙyar suke mayar da abin da suka kashe. Abin da ya burge ni da Ons shi ne da ta tashi kafa tawagarta 'yan ƙasarta ta ɗauka, kocinta Issam Jellali ɗan Tunisiya, mai kula da ƙarfin jikinta mijinta Karim Kamoun wanda tsohon ɗan wasan takobi ne, sun yi aure tun 2015. Da waɗannan ta kai ta 2 a duniya. Ta nuna ba dole sai ka kwaso Turawa ba.

Sadiq_07:
Wasu kuma suna ganin nan ne matsalar. Da ta ƙara da wani tsohon zakara a tawagar wanda ya san yadda ake cin wasan ƙarshe, wataƙila da labari ya canza. Andy Murray ya faɗi huɗu a jere, sai da Ivan Lendl a gefensa ya ci US Open a 2012. Shi Lendl ɗin ma huɗun farko ya faɗi kafin ya ci takwas, ya san ciwon.

Hajiya_Bilki:
To Sadiq ai ka kawo hujjar da ta karya maganarka. Murray huɗu, Lendl huɗu, Kim Clijsters ma huɗu ta faɗi kafin ta ci a 2005, Simona Halep uku kafin 2018. Da an yanke musu hukunci bayan faɗuwa ta uku da duk an ce sun gaza. Goran Ivanisevic sau uku yana faɗuwa a ƙarshen Wimbledon, ya dawo a 2001 yana na 125 a duniya da katin alfarma ya ɗauke kofin. Jana Novotna ta yi kuka a 1993 ta ci a 1998.

Bashir_Raket:
Hajiya su duk sun dawo sun ci, shi ya sa muke ba da labarinsu da daɗi. Tambayata in ita ba ta dawo ba fa? 2024 kafaɗa ta hana ta ƙarasa shekara, ga gwiwa da ta daɗe tana damunta, a Wimbledon 2025 zagayen farko ta kasa ƙarasa wasa. Jiki ya fara magana.

Maman_Hanif:
Ni dai bari in faɗi nawa ko da ba na lissafi ba ne. 'Yata ba ta taɓa kula wani wasa ba sai ranar da ta ga Ons da Tatjana Maria a wasan kusa da na ƙarshe a 2022. Bayan Ons ta ci, maimakon ta tsaya ta karɓi tafi ita kaɗai sai ta kamo hannun Maria ta jawo ta tsakiyar fili tana nuna ta ga jama'a a tafa mata, saboda ƙawarta ce kuma uwa ce mai 'ya'ya biyu da ta dawo wasa bayan haihuwa. Yarinyar ta juyo ta tambaye ni, Mama wacce ce ta ci? Tun daga ranar take naci sai an saya mata raket, yanzu kullum tana jikin bango tana bugawa. Ni ba ruwana da ko an rubuta sunanta a allon Wimbledon.

Nafisa_22:
Allah sarki Anti, wannan ya taɓa min zuciya. Ni kuma abin da ya ja ni shi ne ɗan bugun nan da take yi ƙwallo ta sauka a gindin raga ta mutu a wurin, abokiyar karawa tana can baya ta taho da gudu ba ta cim mata ba.

Kocin_Yara:
Nafisa wannan bugun shi ne alherinta kuma wani lokacin shi ne matsalarta. Tsayinta mita 1.67 ne, Rybakina 1.84, ba za ta iya gasar ƙarfi da su ba, sai ta koma wa hannu da basira, yanka ƙwallo, sauya gudu, jawo ki gaba a ɗaga ta bayanki. A kan ciyawa ƙwallo ba ta tashi sosai shi ya sa abin yake ci a Wimbledon. Amma irin wannan wasan yana buƙatar hannu sakakke. Mai dukan ƙarfi in tsoro ya kama ta za ta iya rufe ido ta ci gaba da duka, wani lokacin ya shiga. Mai wasan laushi kuwa da hannu ya ɗan ɗaure, ɗan kaɗan, ƙwallon ko ta faɗa raga ko ta yi tsawo a kashe ta. Kuma mai dabaru da yawa tana da zaɓi da yawa a kowane bugu, a lokacin matsi zaɓi da yawa ruɗani ne. Ina ganin wannan ya fi bayyana abin da ya faru a 2023 fiye da a ce ba ta da zuciya. Wadda ba ta da zuciya ba za ta dawo daga saiti ɗaya da 4-2 a ƙasa ta doke Sabalenka kwana biyu kafin nan ba.

Abu_Safwan:
Wani abin da ake mantawa, Wimbledon 2022 ba a ba da maki ba saboda an hana 'yan Rasha da Belarus shiga, sai WTA da ATP ta maza suka janye makinsu. Wato maki 1300 ɗinta ya tafi a banza, ita ma Rybakina 2000 ɗinta haka. Duk da wannan Ons ta ƙare shekarar tana ta 2.

Aliyu_Dogo:
Kuma wasan ƙarshen ya faɗo ranar Babbar Sallah, 9 ga Yuli. Na tuna yadda aka yi ta fatan ta haɗa wa 'yan Tunisiya farin ciki biyu. Har hoton farantin kofin ta sa a fuskar wayarta saboda tsabar so. Allah bai nufa ba.

Ummu_Khairat:
Ni abin da ya ƙara min ƙaunarta shi ne Cancun a ƙarshen 2023. Ta doke Vondrousova ɗin nan dai a gasar WTA Finals, ana mata tambayoyi a fili sai ta fashe da kuka saboda yaran Gaza, ta ce za ta ba da wani kaso na kuɗin gasar ga Falasɗinawa. A 2024 kuma Hukumar Abinci ta Duniya ta naɗa ta jakadiya. A Tunisiya Ministar Farin Ciki suke ce mata. Mutum ba ya samun irin wannan matsayin a zukatan jama'a da gazawa.

Sadiq_07:
Anti wannan halin kirki ne kuma Allah ya saka mata, ba wanda ya musa. Amma tambayar Bashir a kan tanis take. Mu raba biyun.

Zahra_M:
To a kan tanis ɗin ma, kafin ita Selima Sfar ce kaɗai Balarabiyar da ta shiga ɗarin farko. Bayanta Mayar Sherif ta Masar ta ci kofin WTA a Parma a 2022. Ƙofa ce aka buɗe.

Garba_Lissafi:
Wai da gaske ne ta samu juna biyu? Na ga ana ta yaɗawa.

Maman_Hanif:
Eh da gaske ne, ita da mijinta suka sanar a Nuwamban 2025. Na yi mata murna wallahi, abin da ta daɗe tana so ne.

Hajiya_Bilki:
Kuma haihuwa ba ita ce ƙarshen wasa ba yanzu. WTA tana ajiye wa mai jego lambarta ta musamman da za ta shiga gasa da ita in ta dawo, a 2025 ma sun fito da tsarin biyan hutun haihuwa har na wata 12. Clijsters bayan ta haihu ta ci uku, US Open 2009 da 2010 da Ostireliya 2011. Svitolina ta dawo ta kai kusa da ƙarshe a Wimbledon 2023, Bencic ma haka a 2025, Tatjana Maria ta ci kofin Queen's tana shekara 37. Wataƙila ma in ta dawo ba wannan nauyin a kanta hannun ya saki.

Baffa_Sule:
Ina fata Hajiya, amma mu faɗi ɗaya ɓangaren. Clijsters shekararta 26 lokacin da ta dawo. Serena Williams da kanta bayan haihuwa wasan ƙarshe huɗu ta kai ba ta ci ko ɗaya ba. Tun 1968 uwaye uku ne kawai suka ci Grand Slam, Margaret Court, Evonne Goolagong da Clijsters. Kuma yaran da ke tasowa yanzu ba sa jiran kowa, ga Gauff ga Mirra Andreeva. Zan so in ga ta dawo ko don in ƙara ganin wasan nan nata a kan ciyawa, amma ba zan sa rai da kofin ba.

Bashir_Raket:
Na karanta duka kuma na ƙaru, musamman bayanin Koci a kan hannu. Amma har yanzu ina nan a kan cewa ita da kanta Wimbledon ta sa a gaba, ta faɗa ba sau ɗaya ba, kuma ba ta samu ba. In mun ce ba komai kamar mun raina burin nata ne.

Mustapha_K:
Rashin cika buri daban, gazawa daban Malam Bashir. Mutum 128 ke shiga ɗaya ke fita da kofi.

Sadiq_07:
Shi ya sa ɗayan ake tunawa.

Nafisa_22:
Koci don Allah wane wasanta za ku ce in nema in kalla gaba ɗaya? Guntaye kawai nake gani.

Kocin_Yara:
Ki fara da ita da Rybakina a Wimbledon 2023, 6-7, 6-4, 6-1, ki lura da inda take tsayawa in za ta karɓi sabis na biyu da yadda take matsowa ciki a saiti na uku. Sai ki bi da na Sabalenka, ki kula sosai daga 4-2 a saiti na biyu. In kina son ganin ta a kan jar ƙasa kuma ki nemi na Madrid da Pegula.

Ummu_Khairat:
Ki ƙara da wasan bibbiyu da suka yi da Serena a Eastbourne 2022, Serena ce da kanta ta zaɓe ta lokacin da za ta dawo daga jinya.